Goggon Teburin Rajista

Shekara ashirin da biyu na yi ina koya wa manyan ma'aikata yadda ake kashe rikici a wurin aiki. 'Yan sanda sun zauna a gabana, shugabannin makarantu sun zauna, haka ma'aikatan asibiti da jami'an ƙungiyar ƙwadago, har da wasu lauyoyi da suka yi ta duba agogo. Cibiyarmu bene ce mai hawa biyu a bayan tashar mota. Zauren horaswa yana sama, kuma duk wanda zai shiga sai ya bi ta gaban wani ɗan tebur da ke bakin matakala. A kan teburin akwai takardar rajista, da biro ɗaure da zare, da rula, da fensir. A bayansa akwai wata mata mai tabarau. Labarinta nake so in bayar, ko da yake za ku ga na cusa kaina a ciki fiye da kima. Halin masu koyarwa ne, ba mu iya wucewa ta gaban allo ba mu tsaya ba.

Goggo ake ce mata. Mahalarta ne suka fara, ma'aikata suka ɗauka, har darakta ya bi sahu. Ni ma haka nake kiranta, alhali watanni kaɗan ta ba ni a haihuwa. Ita kuma Malam take ce mini.

'Yar tela ce, ta biyar cikin 'ya'ya takwas. Ta taɓa gaya mini cewa a ƙarƙashin teburin yankan mahaifinta ta girma, tana tsince zare a ƙasa tana kallon ƙafafun masu shigowa. Mahaifin yana da wata ɗabi'a. In mutum biyu da ba sa shiri suka kawo ɗinki, sai ya ce wa ɗaya ya zo karɓa da safe, ɗayan kuma da yamma, kuma bai taɓa gaya wa kowa dalili ba. Da ta gama makaranta ta koyi buga tafireta, ta yi shekara goma sha ɗaya a ofishin rajistar kotu tana buga bayanan mutanen da suka kai juna ƙara. Mijinta direban motar kaya ne. Ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, ƙaramar tana goye. Daga nan ta dawo cibiyarmu a matsayin mai buga takardu, don a nan ana tashi da wuri. Da kwamfuta ta shigo aka kwashe tafiretoci, aka rasa yadda za a yi da ita, sai aka ba ta teburin bakin matakala.

Aikinta a rubuce ba wani abu ba ne. Ta miƙa biro, ta ba mutum katin da zai rataya a wuya. Kafin ƙarfe goma kuma ta raba mahalarta rukuni-rukuni, ta rubuta a farar takarda, ta sa hannu a ƙasa, ta manna a ƙofar zaure. Dokar cibiya ta ce rabon rukuni aikin teburin rajista ne, saboda waɗanda suka rubuta dokar sun ɗauka ba ya bukatar tunani. Ina cikinsu.

Akwai abin da take yi wanda ba a rubuta ba. Tana lura da wanda ya gaisa da kowa ya tsallake mutum ɗaya. Tana lura da wanda ya ga abokin aikinsa ya ajiye biron tebur, sai ya zaro nasa daga aljihu. Tana lura da wanda ya bar layi guda babu komai a takarda, don kada sunansa ya zauna ƙarƙashin na wani. Irin waɗannan sai ta yi musu ɗan ɗigo da fensir. Ranar farko ba ta haɗa su. Takan sa su a rukunai maƙwabta, baya da baya, kowa yana jin muryar ɗan'uwansa ba ya ganin fuskarsa. Rana ta biyu ta jera su gefe guda na dogon tebur, ta sa wani mai surutu a tsakiya. Rana ta uku, in ta ga sun tsaya a layin shayi ɗaya ba wanda ya fasa sha, sai ta haɗa su. In ba ta ga haka ba, ta bar su su koma gida yadda suka zo.

Duk wannan daga baya na sani. Shekara goma sha bakwai ina ɗauka natsuwar da ake samu a zaurena daga muryata take fitowa. In abokan aiki suka ce, "Malam, kai ajinka ba a taɓa jin hayaniya ba," sai in sunkuyar da kai in ce gogewa ce kawai. Har ƙasida na rubuta a kan haka, shafi goma sha takwas, aka karanta a wani taro aka tafa.

To, sai aka tura ni kwas na mako uku a ƙasar waje. Na dawo da sabuwar jaka, da takardar shaida mai zanen zinariya, da sabuwar dabara. Malaminmu na can ya ce zaɓar wa mutane abokan zama yana ƙara wa bangon da ke tsakaninsu tsawo. Ya ce a bar tsari ya zaɓa, kada a bar wa mutum. Na tsaya a gaban teburin Goggo na yi mata bayani, da hannu da komai. Na ce daga yau a bi takardar rajista daga sama, a haɗa mutane biyu-biyu yadda sunayensu suka zo.

Ta sauke tabarau ta dube ni.

"To, Malam. Shi tsarin ya san su?"

"Ai amfaninsa ke nan, Goggo. Bai san kowa ba."

"To," ta ce.

Mako biyu bayan haka muka karɓi ma'aikatan lafiya ashirin da huɗu daga asibitoci daban-daban, bitar kwana uku. Da safiyar farko, ina haɗa wayar majigi, ta shigo zaure da takarda a hannu. Ba ta cika shigowa ba.

"Malam, duba nan. Lamba goma sha ɗaya da lamba goma sha uku. Sha biyu babu kowa."

"Wata ta yi kuskuren layi ke nan."

"Asibitinsu ɗaya. Mota ɗaya ta kawo su, ɗaya a gaba ɗaya a can baya. In na bi yadda ka ce, su biyun za su haɗu."

"Madalla. Irinsu muke nema."

"Ka ba ni su zuwa jibi."

Na yi mata irin murmushin da nake yi wa ɗan sanda in ya yi tambayar da ke shafi na gaba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa. Ta koma teburinta ta rubuta da kyakkyawan hannunta, ta sa hannu a ƙasa, ta manna a ƙofa.

Muna da wani darasi da muke ji da shi. Ana ba mutum biyu takarda mai ɗauke da labarin wani rikici, kowa ya ɗauki matsayin ɗaya daga cikin masu faɗan, su yi kwaikwayo a gaban aji, sannan a tattauna. Takarda ta bakwai ita ce na fi so, domin ni na rubuta ta. Labarin shugabar masu jinya ne da shugabar ɗakin magani da suka daina gaisawa a kan mabuɗin wani kabad da ake ajiye magungunan gaggawa. Shekara biyu kafin nan wani likita da ya zo bita ya ba ni labarin muna shan shayi. Na ji ya yi daɗi, na rubuta shi. Don kare sirrin mutane kuma na mai da ƙofar kabad ɗin shuɗiya, a labarin likitan kore ce. Ban tambaye shi sunan asibitinsa ba.

Bayan hutun shayi na kira lamba goma sha ɗaya da lamba goma sha uku. Na duba katunan wuyansu, na ga ɗaya shugabar masu jinya ce, ɗaya shugabar ɗakin magani. Na ce a raina yau na yi sa'a, ba sai na yi dogon bayani ba. Na miƙa musu takarda ta bakwai.

Sun daɗe suna karantawa. Shugabar masu jinya, doguwa ce mai kaurin murya, ta gama ta ninke takardar gida huɗu. Ɗayar, gajeruwa mai sanyin magana, ta juya bayan takardar kamar tana neman wanda ya aiko.

"Ku saki jiki," na ce musu. "Ku ɗauka abin a kanku ya faru."

Doguwar ce ta fara.

"Ke kika kawo musu?"

"Ni? Ai ke ce mai baki. Duk wanda ya shigo asibiti sai kin ba shi labarina."

Na juya ga aji na ce ƙasa-ƙasa, "Ku lura, sun bar rubutu sun shiga hali."

"Ranar da aka kawo tsohon nan numfashinsa yana sarƙewa, ina kika kai mabuɗin?" in ji doguwar.

"Yana inda doka ta ce a ajiye shi. Ke ce kika aiko mini mai shara, kamar ni ba mutum ba ce da za ki tako ki yi wa magana."

"In tako? Ina riƙe da mara lafiya in tako in roƙe ki?"

Babu tsoho a takarda ta bakwai, babu mai shara. Na rubuta a allo da manyan baƙaƙe cewa mai kwaikwayo nagari yana ƙara nasa. Wani ma'aikacin jinya da ke gaba ya ɗaga hannu a hankali, fuskarsa ba daɗi. Na yi masa alamar tambayoyi sai an gama.

Can sai gajeruwar ta buɗe jakarta, ta zaro wani mabuɗi mai jan zare, ta buga shi a kan tebur.

"Ga shi. Ki haɗiye shi in kina so. Shekara uku kina sa yaranki suna kau da kai in na wuce."

Muryarta ta karye, hawaye ya zubo.

Ni kuwa na ce, "Jama'a, har da kayan wasa ta zo!" Na fara tafi. Mutum uku ko huɗu suka taya ni, su ma ba da ƙarfi ba. Sannan na ce, kamar yadda littafinmu ya tanada, yanzu su yi musayar matsayi, kowacce ta zama 'yar'uwarta.

Doguwar ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ta ɗauki jakarta ta fita. Gajeruwar ta ɗauke mabuɗinta ta bi bayanta tana share fuska da gefen mayafi. Ma'aikacin jinyar nan da ke gaba ya ce, "Malam, dama abin da nake so in gaya maka ke nan."

Da na leƙa waje, Goggo ta riga ta raba su. Doguwar tana tsohon ɗakin buga takardu, an ba ta kujera da ruwan sanyi. Gajeruwar tana kan benci ƙarƙashin matakala, Goggo na zaune kusa da ita tana fere fensir. Da azahar ta nemo musu motoci biyu.

Ranar Litinin wasiƙa ta iso daga hukumar asibitinsu. Sun ce cibiya ta samo sirrin ma'aikatansu, ta haɗa su da gangan, ta tozarta su a gaban takwarorinsu. Sun ce in ba a hukunta wanda ya haɗa su ba, ba za su sake turo kowa ba, kuma za su gaya wa sauran asibitoci dalili. Darakta mutum ne mai son takarda. Ya sa aka ɓamɓaro wadda ke manne a ƙofar zaure, ya duba ƙasa, ya ga hannun Goggo. A ranar aka ɗauke ta daga teburin aka tura ta sito ta jera tsofaffin fayiloli, kafin kwamiti ya zauna ya duba ko za a sallame ta. Saura mata shekara biyu ta yi ritaya da mutuncinta.

Darakta ya kira ni ofishinsa. Na shiga, na rufe ƙofa.

"Malam, abin nan ya taɓa ka, na sani. An ɓata maka aji. Ina so ka zauna a kwamitin, don duk gidan nan babu wanda ya kai ka sanin sulhu."

Akwai kujera a bayana, akwai ƙofa a rufe, babu kowa sai mu biyu. Ban taɓa samun wuri mai sauƙin faɗar gaskiya kamar wannan ba. Na buɗe baki na ce na gode da wannan amana. Har na ba da shawarar a jera kujerun zaman a da'ira, don kada wadda ake tuhuma ta ji an tsare ta.

Sito yana kan hanyar ofishina. A kwanakin nan na gano cewa matakalar baya, wadda ke bi ta wajen injin wuta, ta fi iska. Gwiwata ta hagu ba ta yarda da ni ba, amma na daure.

Ba wai ban yi komai ba. Na zauna na rubuta bayani, shafi uku, mai taken nazarin abin da ya faru. Na nuna an samu giɓin sadarwa tsakanin sassa. Na nuna sauyin tsari yakan zo da ƙalubale. Na zana akwatuna huɗu da kibiyoyi. Ranar Asabar da hantsi na ba matata ta duba mini. Tsohuwar malamar firamare ce, har yau ba ta karatu sai da jan biro a hannu. Tana zaune a baranda ta karanta har ƙarshe, ta koma farko.

"Baban yara, wane ne wannan giɓin?"

"Ba mutum ba ne. Yanayi ne."

"Yanayin ne ya yi tafi?"

Na ce ba ta fahimci harshen fannin ba.

"Ai kuwa ban fahimta ba. Na karanta shafi uku, na ga tsari, na ga sassa, na ga kibiya. Kai ne dai ban ga inda ka shigo ba. Ko ranar ba ka je aiki ba?"

"Ana bin abin a hankali ne. In na fito gaba-gaɗi, sunan cibiya zai ɓaci."

"Sunan cibiya." Ta miƙo mini takardun. "Kai ne fa ka tsai da babban ɗan sanda a gaban yaransa ka sa ya maimaita 'na yi kuskure' sau uku. Ka dawo gida kana ba ni labari har abincinka ya huce. Matar nan da ta zo duba ni sau biyu da aka yi mini aikin ido, ita ce a sito?"

Na ce zan sake duba shafi na biyu. Ta ce in duba da kyau.

Ranar Laraba, kwana tara da isowar wasiƙa, kwamiti ya zauna a ƙaramin ɗakin taro. Darakta, da shugaban sashen mulki, da ni. Kujeru a da'ira, kamar yadda masani ya ba da shawara, wanda hakan ya sa Goggo ta zauna daidai gabana, babu tebur a tsakani. Ta zo da tsohuwar jakarta a kan cinya. Akwai ƙurar fayil a hannun rigarta.

Shugaban sashen mulki ya ɗaga takardar.

"Goggo, wannan rubutunki ne?"

"Nawa ne."

"Sa hannun fa?"

"Nawa ne."

"Kin san ba sa shiri?"

"Na ga alama."

"Kin ga alama, kuma kika haɗa su? Shekara nawa kina wannan aiki?"

"Goma sha bakwai."

Darakta ya gyara zama. "Akwai wanda ya sa ki?"

Goggo ba ta dube ni ba. Ta dubi takardar da ke hannun shugaban mulki.

"Ranka ya daɗe, hannuna ne a ƙasa. Ba na sa hannu a abin da ban rubuta ba."

Darakta ya yi ajiyar zuciya, ya juyo. "Malam, kai ne masani. Me ka gani?"

Na miƙe tsaye, ko da yake babu wanda ya tsaya kafin ni. Na ce kafin a yanke hukunci yana da kyau a fahimci cewa kowane rikici yana da saiwa, da gangar jiki, da rassa. Na ce masana sun kasa saɓanin wurin aiki gida biyar. Na kai gida na uku, na bar sauran. Na ce a wasu lokuta umarni yakan taso daga wani sashe ya sauka a wani sashe. Na ce akwai yiwuwar a wannan karon an samu irin haka. Na ce ba zai zama kuskure ba in aka ce sashen koyarwa yana da ɗan hannu.

"Malam," in ji darakta, "sashen koyarwa mutum nawa ne ranar?"

"Ɗaya."

"To ka taimake ni, yunwa nake ji. Kai ne ko ba kai ba ne?"

"Ni ne."

Da wannan magana ta fita daga bakina, sauran ba su yi wuya ba. Na ce ni na kawo tsarin. Na ce ta zo har zaure ta nuna mini layin da aka tsallake, ta roƙi in ba ta kwana biyu, na hana. Na ce takarda ta bakwai ma ni na rubuta, daga bakin wani likita, kuma launin ƙofa kawai na sauya. Shugaban mulki ya tambaya ko gaskiya ne na yi tafi. Na ce gaskiya ne. Ya rubuta, ya daɗe yana rubutawa, kafaɗarsa tana ɗan motsi.

Darakta ya cire tabarau ya murza ido. "Kuma ka zauna a kwamitin."

"Ka ce amana ce, ranka ya daɗe."

Hukuncin bai ɗauki minti goma ba. Goggo ta koma teburinta washegari, rabon rukuni ya koma yadda take yi. Ni aka sauke ni daga jagoran masu horaswa, aka ba ni darasin ƙarfe biyu na rana, wanda ake yi bayan an ci abinci, lokacin da rabin aji ke gyangyaɗi. A nan na ƙare sauran shekaruna, kuma ba a taɓa jin hayaniya a ajin ba. Aka kuma ce in je asibitin da ƙafata in ba matan nan haƙuri.

Na je. Goggo ce ta tsara mini tafiyar. Ta ce in fara da ta ɗakin magani, don ita ce ta yi kuka a gaban mutane. Ta ce kada in tafi da takarda, kada in haɗa su wuri ɗaya, kuma in na ji wani darasi yana taso mini a maƙogwaro in nemi ruwa in sha. Gajeruwar ta saurare ni ta tagar ba da magani, ta ce ya wuce. Doguwar ta bar ni a tsaye a baranda minti arba'in, sannan ta fito ta ce ta ji, tana da marasa lafiya. Hukumarsu ta janye wasiƙar. Su biyun ban ji sun shirya ba. An ce daga baya aka yi wa kabad ɗin mabuɗi na biyu, abin da babu wanda ya kawo a duk tattaunawar da muka yi shekara biyu a kan takarda ta bakwai.

Goggo ta cika shekarunta biyu ta yi ritaya. Yanzu tana gidan babbar 'yarta, idonta ya yi rauni, amma in baƙi suka zo ita ke cewa wa zai zauna ina.

Ranar da kwamiti ya tashi, na same ta a sito tana ɗaure fayilolin da ta fara jerawa, don ba ta barin aiki rabi. Wannan ne karo na farko da na bi ta ƙofar a kwana tara. Na tsaya a bakin ƙofa ina juya hula a hannu. Na shirya jawabi tun daga matakala, mai gabatarwa da kammalawa.

"Goggo," na ce, "ban san ta inda zan fara ba."

"Riƙe mini nan." Ta nuna mini inda zan danna da yatsa, ta ƙulla igiyar.

"Me ya sa ba ki faɗa musu ba? Da an sallame ki fa?"

"In na faɗa, sai ka kare kanka. Kai kuma ka iya magana, Malam. Da ka kare kanka sau ɗaya, shi ke nan, ba za ka iya dawowa ba, ni ma ba za a yarda da ni ba."

"Amma kwana tara ina bin matakalar baya."

"Ina jin ka. Gwiwar nan taka ba ta da sirri."

Na ce ta yafe mini. Wannan karon ban kasa shi gida-gida ba.

Ta ɗora fayil ɗin a kan 'yan'uwansa, ta kaɗe hannu.

"Na yafe. Ai ka ma yi sauri. Ni kwana goma sha biyu na ba ka a raina, har na fara tunanin yadda zan roƙi a ɗage zaman. Ɗauko wancan ɗaurin, bayanka ya fi nawa ƙwari."